Surukata Za Ta Sa Wanzami Ya Cire wa 'Yata Haƙori

Gwaggo Hamsatu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Daga Nguru nake rubuto miki.

'Yata Zaituna shekararta bakwai. Haƙoranta na gaba na ƙasa ba su faɗi ba, sai ga wasu biyu sun tsiro a bayansu, layi biyu ke nan. Yara a makaranta sun laƙaba mata suna, yanzu ko dariya za ta yi sai ta toshe baki da hannu. Yarinyar da a da surutunta ke hana mu jin rediyo!

Surukata ta zo daga Gashuwa ta gani, nan take ta yanke hukunci. Wai na bayan su ne baƙi, su suka tarar da masu gida, don haka su za a cire. Har ta yi magana da Zarami, wanzamin gidansu, wanda shi ya yi wa mijina askin suna, ya yi wa Zaituna. Da an ba da hutu za a sa yarinyar a motar Gashuwa, hutun kuwa ya ƙarato.

Maƙwabciyata Maman Toyin, matar wani ma'aikacin reluwe, da ta ji sai ta dafe kai, ta ce kada a taɓa sai likita ya gani, ɗanta ma waya aka sa masa haƙoran suka miƙe. Na gaya wa maigidana, ya yi dariya, wai waya a baki sai ka ce shingen lambu. Shi hankalinsa na kan fataucin bandar kifi. Cewa ya yi haƙorin yaro ai sake tsirowa yake, kuma ba zai musa wa uwarsa a kan haƙori ba.

Gwaggo, ba ƙin matar nan nake ba. Ita ta yi mini wankan jego, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni ma ban taɓa ce mata a'a ba. Nata haƙoran a karkace suke, ta sha tsokana tana budurwa, shi ya sa ta ɗau zafi. Amma tsoro nake ji ƙwarai. Har na yi tunanin in ɓoye yarinyar wurin yayana a Karasuwa. Ya zan yi?

Uwa cikin fargaba, Nguru

'Yata, tsoronki yana da dalili. Ni ba likita ba ce, amma na tambayi likitan haƙori kafin in amsa miki. Na bayan nan su ne na girma, da su Zaituna za ta tsufa, in aka cire su babu wasu a ƙasa. Na gaban su ne na nono. Sau da yawa da kansu suke faɗuwa, harshe ya turo sababbin gaba. In sun ƙi, likita ya cire su. Maganar waya kuma sai ya duba bakin tukuna, ƙila ma ba a bukata.

Surukarki ba mugunta take nufi ba, ciwon da ta sha take guje wa jikarta. Ku biyun abu ɗaya kuke so, saboda haka ki bar zancen Karasuwa, ɓuya zumunci zai ɓata. Ki zaunar da maigida ki karanta masa wannan. Tunda jirgin ƙasa mai zuwa Kano a ƙofarku yake, ku roƙi tsohuwa ita da kanta ta kai jikarta asibiti, ta ji daga bakin likita. Zarami kuma a aika masa da goro da ban haƙuri.

In duk wannan ya faskara, ki durƙusa ki ce mata a'a, karon farko. Za ta yi fushi, za ta huce, amma kada yarinyar nan ta hau motar Gashuwa kafin likita ya gan ta. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya raya Zaituna.

Gwaggo Hamsatu