Mama, An Kashe Delbert

Pleiku, Vietnam
14 ga Maris, 1968

Mama,

Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya ƙafar Baba? Loretta ta sauka kuwa? Ni lafiya lau nake, kar ki damu. Ɗan rauni ne a hannu ya sa rubutuna ya karkace.

Mama, an kashe Delbert, ɗan maƙwabciyarmu Misis Hargrove. Ranar Talata da hantsi muna ratsa gonar shinkafa, yana gabana yana yi mini tsiya: "Kai Wendell, da wannan tafiyar agwagwar taka za mu ci yaƙi?" Ban ko buɗe baki ba aka buɗe mana wuta daga cikin bishiyoyi. Na jawo shi bayan wani tudu ina ta kiran sunansa, ashe ya riga ya cika. Har yanzu abincin mutum biyu nake ɗaukowa.

Don Allah ki je ki zauna da mahaifiyarsa. In ta tambaya, bai sha wahala ba, kuma gaskiya ce. Allah ya ji ƙansa.

Ki aiko mini da safa masu kauri. Wasiƙarki ta iso jiya, wadda kika ce mu kula da juna. Mama, na yi iya ƙoƙarina.

Ɗanki,
Wendell