Tantabarun Bappa da Injin Niƙa

Samaru, 3 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga Bappana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma lafiya lau, sai karatu da zafin rana.

Na san za ka ce daga Samaru zuwa Sabon Gari bas ɗaya ne, me ya yi zafi har da wasiƙa. Bappa, kai ka raine ni tun rasuwar Baba, ka kuma san in na durƙusa gabanka bakina mutuwa yake yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya ƙawata Oby ta shigo ɗakinmu ido jawur. Ta ce kwamitin layinmu ya sa kwaɗo a shagon niƙan babanta Amaechi, an kuma ba shi zuwa ƙarshen wata ya fitar da injin. Har ya fara maganar su tattara su koma garinsu, garin da Oby ba ta sani ba sai da Kirsimeti.

Na san dalili. Tun da ya sayi injin dizal saboda rashin wuta, ƙarar ta kori tantabarunka. Na san yadda kake ji da su, ni ce mai watsa musu dawa ina ƙarama. Amma duba yadda abin ya tafi. Kai ne mai ƙara. Kai ne ciyaman ɗin da ya kawo dokar hana injin dizal a layi, bayan mutumin ya riga ya saya ya kafa. Kai ka ce ya karya ta, kai ka tura 'yan sintiri da kwaɗo. Ba wanda ya ce uffan, domin kowa yana tuna ranar da gari ya rikice, ka tsaya a bakin layi ka ce duk mai son taɓa maƙwabcinka sai ya bi ta kanka.

A wannan zangon muna karanta tsarin mulkin Amurka. Sun raba iko gida uku: masu yin doka daban, mai zartar da ita daban, masu shari'a daban, kowa yana iya taka wa ɗan'uwansa birki. Kuma sun rubuta ƙarara cewa ba a yin doka yau ta kama abin da mutum ya yi jiya. Ina cikin lakca ana bayanin nan, wallahi layinmu kawai nake gani.

Ka yafe mini in na yi tsaurin ido. Ina roƙonka ka bar wasu su saurari maganar nan.

'Yarka,
Fauziyya

Sabon Gari, 6 ga Afrilu, 2006

Fauziyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta, na ba Innarki ta riƙe mini tabarau na sake karantawa da ido tsirara, ko zan ga wani abu daban. Ban gani ba.

Ashe abin da kika je koyowa ke nan, yadda za a ɗaure wa Bappanki hannu. Madalla da Amurkawa. Ranar da na tsaya a bakin layin nan ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Amaechi kuwa a zaurena ya kwana da iyalinsa har ƙura ta lafa, ki tambaye shi ko ni maƙiyinsa ne.

Ba tantabaru kawai ba ne. Injin nan in ya tashi, ko liman ba a ji a masallaci, 'yan cocin bayanmu ma sun yi kuka. Amma ba zan ɓoye miki ba, ɗakin tantabarun nan in na leƙa na gan shi wayam, raina ɓaci yake yi ƙwarai. Tun kafin a haife ki nake kiwonsu.

Kin ce in bar wasu su saurara. Ni na yi dokar, ai ni na fi kowa sanin abin da take nufi. In na raba ikon gida uku, ɓarawo zai gama kwashe layin kafin gida ukun su gama gaisawa.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda kin zama lauyar Amurka. Shugabansu shi ke da soja ko? To, in alƙalan suka yanke abin da bai so ba, me zai sa ya bi? Ki ba ni amsa, kada ki yi mini Turanci.

Innarki ta ce ki zo ki ci ɗanwake, kin rame. Allah ya yi miki albarka, duk da haka.

Bappanki

Samaru, 9 ga Afrilu, 2006

Bappana,

Assalamu alaikum. Na gode da albarkar, har da "duk da haka" ɗin.

Tambayarka na kai wa malaminmu, sai da ya cire hula ya sosa kai. Amsar ita ce alƙalan ba su da ko sanda. Abin da ke sa shugaba ya bi shi ne ya san kujerar ba tasa ba ce, ta jama'a ce, riƙo aka ba shi, kuma suna kallonsa. Majalisa tana iya tsige shi, masu zaɓe suna iya kayar da shi, sau biyu kawai ma ake zaɓensa. Amma a ranar da hukuncin ya faɗo, ba abin da ke tsakaninsa da ƙin bi sai shi kansa. Su ma sun sha yin tuntuɓe a kan haka, ba waliyyai ba ne.

Ka ce kai ba maƙiyin Baban Oby ba ne. Na sani, Bappa. Ba don mugun shugaba kaɗai aka yi tsarin ba, har da nagari, domin nagari ma yana da ranar fushi, kuma ba ya dawwama. Ga abin da ke hana ni sukuni. Duk ikon da ka tara wa kujerar nan yana nan a jikinta ranar da ka tashi. Kowa ya san mataimakinka da zafin kai. Ka ɗora shi a kai da kwaɗo a hannu, ba mai ce masa tsaya, ka tuna da su Oby. Tsoro nake ji, kuma ina son sunanka ya tsira yadda yake.

Ga Liman, ga Mama Funmilayo da ta karɓi haihuwar rabin layin, ga Malam Shekari tsohon hedimasta. A tambayi jama'a ko sun yarda da su, su ji ta bakinka, su ji ta bakin Baban Oby.

Jarrabawa ta matso, ba zan samu zuwa ba. A gaida Inna.

'Yarka,
Fauziyya

Sabon Gari, 23 ga Afrilu, 2006

Fauzi ƙawata,

Gaisuwa mai yawa, ya jarrabawa? Na san kin ji shiru daga Bappa kin tsorata. Zauna ki ji.

Jiya Asabar da la'asar aka yi taron layi. Bappa ya fito, aka kawo masa kujerarsa mai hannu, sai ya ce a ajiye ta gefe. Ya ce yau shi mai ƙara ne. Ya kira sunan Liman da Mama Funmilayo da Malam Shekari ya tambaya ko an yarda su yi alƙalanci, kowa ya ɗaga hannu. Sannan ya je ya zauna a benci, kafaɗa da kafaɗa da babana. Babana ya matsa, ya matsa, saura kaɗan ya faɗo ƙasa.

Aka ji kowa. Mama Funmilayo ta tambayi Bappa, "Alhaji, da ya sayi injin, akwai dokar?" Ya ce babu. Ta ce, "To, da me za mu kama shi?" Suka shiga zaure suka fito, Malam Shekari ya faɗi hukunci. Injin zai zauna. Amma babana zai sa masa salansa mai rage ƙara, ya ja katanga ta ɓangaren gidanku, kuma ba tashin inji lokacin salla ko lokacin coci.

Fauzi, da kin ga fuskar Bappa. Nan take mataimakinsa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mabuɗin yana aljihuna, yaran sintiri naka ne. Kai dai ka ce a'a." Ni dai addu'a nake yi da Hausa da Ibo da duk abin da ya zo bakina. Sai Bappa ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni."

Ya taka har shagon, jama'a na biye. Da kansa ya buɗe. Sai da ya gwada sau da yawa kafin mabuɗin ya shiga. Babana ya fashe da kuka kamar yaro, Bappa ya ce masa, "Amaechi, ka yi mini shiru, ƙarar injinka ma ta ishe ni."

Ba za mu tafi ba, Fauzi. Abeg, don Allah ki ajiye mini gadona, ina dawowa Litinin.

Taki har kullum,
Oby

Sabon Gari, 27 ga Afrilu, 2006

Fauziyya,

Assalamu alaikum. Na san Oby ta riga ni, da ƙarin gishirinta.

Hukuncin nan kuskure ne, har gobe ina kan bakana. Na dai bi. In ta ce miki na sha fama kafin mabuɗin ya shiga, gaskiya ta faɗa, kuma ba tsufa ba ne.

Tantabaru ba su dawo ba. Amaechi ya kawo mini guda biyu a kwando, na ce ya jira in tambayi alƙalanku ko karɓa ya halatta. Suna nan, sun fara cin dawa.

Batun sau biyun nan da kika ce ake zaɓen shugabansu, na lissafa nawa, na ga na daɗe. In kin gama jarrabawa ki zo ki yi mini bayaninsa baki da baki. In bakin ya mutu, ki rubuto ki karanta mini, zan zauna a benci.

Allah ya yi miki albarka. Wannan karon babu "duk da haka".

Bappanki