Wa ke goge mini aiki a disket?

Assalamu alaikum Gwaggo Karima. Don Allah ki taimake ni kafin Litinin, don ranar na yi niyyar kai ƙarar mutum.

Ni sakatariya ce a wani buro, wato ofis, nan Ƙonni. Shekara goma sha shida ina buga takardu da keken rubutu, ko wasiƙa ɗaya ba ta taɓa ɓace mini ba. Bara aka kawo mana ordinatar guda ɗaya, wato kwamfuta, shef ɗinmu mai shugabancin buro ya ce kowa ya riƙa aje aikinsa cikin disket ɗinsa. Wanda ya koya mini wani abokin aiki ne, Iliyasu, da aka turo daga Damagaram. Matarsa Umma ta zama ƙawata, har dambu take aiko mini ran Juma'a.

To Gwaggo, sau uku ke nan ina gama aiki da marece, in zo da safe in sa disket, na'ura ta ce babu komai. Na ukun rahoton wata uku ne. Shef ya ce in aka sake, zai nemi wadda ta iya. Wallahi na yi kuka a banɗaki.

Ni ba sakarai ba ce. Ina manna disket ɗina jikin armuwar, kabad ɗin ƙarfe na buro, in danne shi da mayen ƙarfen nan da na ciro daga tsohuwar rediyon babana, wanda tun zamanin keken rubutu nake riƙe takardun gaggawa da shi. Ko iska ba ta kayar da shi. To wa ke taɓawa?

Iliyasu na da makullin buro. Kullum bayan asuba sai ya yi gudu a hanyar Tawa, wai motsa jiki, ƙato da furfura cikin gajeren wando, kuma a buro yake ƙarewa kafin kowa ya zo. Na barbaɗa toka bakin ƙofa, na ga sawun takalmin gudunsa. Nasa disket bai taɓa lalacewa ba, ko sau ɗaya! Kuma ƙanwar matarsa ta gama karatun lakwal, tana neman aiki. Ran Talata ya nuna armuwar ya fara cewa wai in cire ƙarfen nan, na ce a raina ashe idonsa na wurin, na fice ban bari ya ƙarasa ba. Dambun Juma'ar nan ma kaji na ba, kwanon Umma na nan ban mayar ba. In faɗa wa shef, ko in fara nemo taimako wurin malamai?

Taki, Mai Keken Rubutu, Ƙonni

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Na ji zafin da kike ciki. Shekara goma sha shida na aiki mai tsabta ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya ga sawu cikin toka dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa. Ban ce ba a yin zagon ƙasa a buro ba, ana yi.

Amma ɓarawonki na gani cikin wasiƙarki, kuma ba ya sa gajeren wando. Na tambayi wani mai gyaran ordinatar don in tabbata. Cikin disket akwai ɗan faifai siriri, kuma da ƙarfin maganaɗisu ake rubutu a kansa. In kika ɗora masa mayen ƙarfe, wanda shi ma maganaɗisu ne, balle babba irin na rediyo, rubutun yakan hargitse. Takarda ba ruwanta da shi, shi ya sa bai taɓa cutar ki ba sai bana. Disket ɗin Iliyasu lafiyarsa lau don ba a manne yake kwana ba.

Kada ki yarda da ni haka kawai. Ki sa wata wasiƙar banza a disket biyu. Ɗaya ki bar shi a aljihun tebur a buɗe, inda Iliyasu zai iya kai hannu. Ɗayan ki tafi da shi gida ki danne da ƙarfenki, ki kulle ɗaki. Da safe ki gwada su. In na buro ne ya lalace, ki je wurin shef da hujja. In na gida ne, ki je wurinsa dai, ki faɗi abin da ya faru, zai fi ganin girmanki. Daga yau kuma kowane aiki ki aje shi wuri biyu.

Sawun toka ya nuna mutum ya shigo ne kawai, wataƙila kaya yake sakewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar Talata ce. Ina jin bawan Allah nan aikinki ya zo ceta, kika juya masa baya.

Ki wanke kwanon Umma ki mayar da kanki, kada ki kai shi wayam. Sannan ki ce wa Iliyasu ya ƙarasa maganar da ya fara. Allah Ya tsare miki aikinki da zumuncinki.

Gwaggo Karima