Lambar Da Ba Ta Cikin Takarda

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya maigida da jikoki? Mu dai nan sai godiyar Allah.

Yaya, an dakatar da 'yarki Auta daga gidan rediyo. Kada hankalinki ya tashi, ba wani abin kunya ta yi ba. Kin san aikinta a shirin ranar Laraba, wanda jama'a ke bugo waya su faɗi ra'ayinsu. Tana zaune a bayan gilashi, fitilu huɗu na ƙyaftawa a gabanta, wanda ta danna shi duniya za ta ji.

To, wannan Larabar ɗan majalisarmu ne baƙo. Kafin a fara, manaja ya ajiye mata takarda mai lambobi goma sha biyu, ya ce su kaɗai za ta sa. Duk magoya bayan baƙon ne, an koya musu kirari. Ta sa uku, sai ga lambar wata tsohuwar ungozoma. Auta ta haddace lambar, domin mako tara ke nan matar na kira a kan ɗakin haihuwar unguwarsu, wanda aka buɗe bara aka ɗauki hotuna, aka mayar da kwaɗo tun ranar. Ba ta cikin takardar, amma ta danna.

Ina shago ina ɗinki na ji da kunnena. Tsohuwar ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi, "Ranka ya daɗe, makullin yana hannun wa? Mata biyu sun haihu a bakin ƙofar." Bawan Allah ya yi tari, ya sha ruwa, ya sake tari, har maƙogwaronsa ya ba ni tausayi. Sai aka sa kiɗa.

Da ta shigo gida da takardar dakatarwa, na buɗe baki zan yi faɗa, don kin san aikin nan sai da ta yi shekara biyu tana yawo kafin ta same shi. Amma faɗan ya ƙi fitowa. Ranar Alhamis za a yanke hukunci. Ki sa ta a addu'a.

Naki ƙani,
Sarkin Gardama

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan sanyin ƙashin ya sake ki. Saƙonki ya iso, Auta na godiya.

Sun kore ta, Yaya. Ta yi kwana biyu a ɗaki, uwarta na kai abinci tana dawowa da shi. Ni ma na kasa zura zare a allura daidai, har na haɗa wa wani hannun riga a baibai.

Larabar da ta biyo baya, shirin a kan kwashe shara ne. Mai kira na farko ya yi sallama, ya ce shi tambayarsa makullin ɗakin haihuwa. Aka katse. Ta biyu ma haka. Direba, mai shayi, malamar makaranta, babu wanda ya shirya da wani, kowa makulli. Wanda aka ɗora a kujerar Auta ya yi ta katsewa har ya gaji ya bar su. Ranar Asabar aka ga ma'aikata da tsintsiya a ɗakin haihuwa, jiya kuma aka karɓi ɗa namiji a ciki.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ni da na shekara talatin ina gardama da rediyo daga kan keken ɗinkina, ban taɓa buga musu waya ba sai wannan Larabar. Sau sha ɗaya na gwada kafin ta shiga. Mai gabatarwa ya ce, "Da wa muke magana?" Duk jawabin da na tsara ya gudu. Sai na ji bakina ya ce, "Uban wadda kuka kora ne. Na kira ne in gaya muku ni na haife ta." Daga nan na ajiye waya ina share ido a gaban masu jiran ɗinki.

Aikin bai dawo ba, kuma ban san ranar da za ta sami wani ba. Amma wallahi, Yaya, tunda nake ban taɓa tafiya a layinmu kaina a sama kamar makon nan ba.

Ki gai da mutan gida ɗaya bayan ɗaya.

Naki ƙani,
Baban Auta