Katin da Na Kasa Cikewa

Litinin, 5 ga Mayu

Auta ta sauka lafiya. Mace! Alhamdulillahi. Jikoki shida duk maza, sai yau na yi amarya. Da aka miƙo mini ita na rasa yadda zan riƙe ta, ni da na shekara arba'in ina riƙe zarto. Tsohuwa, matata, ta ce, "Kawo ta nan, ango, kafin ka yar mana da ita." Na yi dariya har da hawaye a gaban surukina. Ko a jikina.

A hanyar gida na ɗauki alkawari. Labarin nan da nake ja shekara tara, na kafintan da bai san "a" ba sai da ya haura arba'in, zan gama shi saboda yarinyar nan. Kowa ya san kafintan ni ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tsohuwa ta koma gidan Auta don ta kama mata. Gida shiru.

Surukina ya kawo tsohuwar kwamfutarsa, ya sa mini wata manhaja ta masu rubuta labari. Kowane babi kati ne, ga su a jere kamar katako a jingine. Ka ja wannan ka kai shi can, ba komai. Kowane mutum na cikin labarin ma da katinsa. Ya ce, "Baba, an daina yage takarda ana liƙawa da gam ɗin katako." Auta ce ta tona ni, na sani.

Da yatsa ɗaya nake bugawa, kamar kaza na tsince hatsi.

Asabar, 10 ga Mayu

Amarya ta damƙe mini yatsa, ta ƙi saki. Wannan ɗin da nake bugawa da shi.

Talata, 13 ga Mayu

Yau katunan mutane. Shekaru, kama, sana'a, sai gurbi na ƙarshe: me yake so a rayuwa? Na kafinta na cike har ya zuba. Na malamin ajin yamma ma haka. Har na mai shayin bakin shago ban sha wuya ba.

Na zo kan matar kafinta. Doguwa ce, tana da wushirya. Sai na tsaya. Me take so? Shekararmu arba'in tare. Na rubuta "zaman lafiya", na goge. Wa ba ya so?

Lahadi, 18 ga Mayu

Na gama sa alamar wanda ya fito a kowane babi, surukina ya danna wani wuri, sai ga jadawali mai launi. Kafinta, babi talatin da ɗaya, duka ke nan. Malam, goma sha tara. Mai shayi, takwas. Matar kafinta, uku.

Na buɗe ukun na karanta. A kowanne ta shigo da abinci, ta ce "Ga shi," ta fita. Maganarta ke nan a littafin gaba ɗaya.

Surukina ya yi gyaran murya, ya ce wataƙila na'urar ce ta yi kuskure. Ɗan albarka. Da hannuna na sa alamomin.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban so rubuta wannan ba.

Na kai wa Auta tsofaffin littattafaina na ajin yamma don ta yi dariya. A gefen shafukan akwai wasu karkatattun haruffa da fensir, an bi nawa ana kwaikwayo. Na ce mata babi guda na yi a kansu, ranar da na zane yayanta don ya ɓata mini littafi. Ina ba ta labari ina dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baba, ba Yaya ba ne. Mama ce."

Wai in na tafi shago sai ta ɗauko su ta zauna bayan ƙofa. Yayan ya sani, ya sha dukan ya yi shiru.

Yaron da yake aji shida lokacin, rubutunsa kamar na inji. Ta yaya zai yi wannan karkataccen abu? Ni da nake gane katakon da ya goce daga nesa!

Sai yanzu na tuna. Makon da na shiga aji Tsohuwa ta ce, "Ni ma ka rubuta sunana." Na ce wa zai zauna da yara? Bari in gama, ni zan koya miki a gida. Na gama shekara goma sha takwas da suka wuce. An ba ni takardar shaida, ita ta goge gilashin da na sa ta ciki.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na kira yayan Auta. Ya ce, "Haba Baba, ai ya wuce." Ya yi saurin cewa, kamar ya daɗe da tanadin amsar.

Asabar, 24 ga Mayu

Na sami Tsohuwa tana ninke kayan jaririya. Na ce, me kike so?

"Miƙo mini kwandon can."

Na ce a rayuwa nake nufi. Ta dube ni ta ƙasan ido. "Na'urar ce ta aiko ka?"

Na ce ko yanzu ma ai sai mu fara, da yamma, kaɗan-kaɗan. Ta ci gaba da ninki.

"Ka ce in jira, na jira. Ga malamata nan ta iso. In ta girma ta koya mini."

Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Talata, 27 ga Mayu

Babi talatin da ɗaya, kuma ba za ta iya karanta ko ukun nata ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Tsohuwa ta dawo gida tun Litinin. Ranar na ajiye sabon littafin rubutu da fensir a kan teburin da ke kusa da kujerarta.

Yau na lura fensirin ya ragu. An fere shi da wuƙar kicin, mummunar fira, duk an cinye gefe ɗaya. Hannuna ya yi ƙaiƙayin gyarawa, na bar shi. Littafin ban buɗe ba. Ba nawa ba ne.

Kwana biyar ban kunna kwamfutar ba. Idona ne, yana ɗan ciwo. Amarya ba za ta iya karatu ba sai nan da shekara bakwai, ba gaggawa. Gurbin katinta yana nan yadda yake.

Da la'asar na ga ta ja ƙofar ɗaki. Na rasa abin yi, sai na dafa shayi. Ya yi ƙarfi, sukarin ma ban san nawa take sawa ba. Na ƙwanƙwasa, na ajiye mata a gefe, ban kalli teburin ba.

Na ce, "Ga shi." Na fito.