Dirkokin Rumfar Lemo

Shodmon,

Baffanka Kurbon ya zare dirka biyu daga tsakiyar rumfar da muke rainon itatuwan lemo jiya da la'asar, ya kai ɗakin shanunsa. Na same shi, wai ubanmu ne ya shuka itacen, shi ma yana da rabo. Na ce masa, "Kunya ce rabonka, ita ma ka zubar." Ban ƙara ba. Ba na roƙon ƙanena.

Yanzu rufin ya lotsa ta arewa, daidai kan ƙananan dashen da za mu fitar in sanyi ya wuce. Na tokare shi da tsani, amma tsani ba dirka ba ne. Da safen nan na ji yana ƙara. In ka tashi ka dubi dutse, farin ƙanƙara ya sauko har gindinsa. Ba za a kai jibi ƙanƙara ba ta zubo ba.

Na tafi wurin Mirzo mai katako. In hanya ba ta rufe ba, gobe ina gida.

In ƙanƙarar ta fara zuba, ka share ledar rufin daga waje da doguwar tsintsiya. Kada kowa ya shiga ciki, ko don hura murhun ɗumama rumfar. Lemo in ya mutu, a sake dasawa.

Ka sa ido a kan mahaifiyarka. Ta riga ta kai gawayi da dardumarta ciki. Na gaya mata rufin nan zai danne mutum. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Baban Shodmon, ni na raini itatuwan nan. Ba zan bar su cikin sanyi ba."