Tabar Lantarkin Da Ka Zaɓa Wa Mahaifina

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan waya da tabar lantarki, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Kasuwa kam na san lafiya take, don na bi ta ƙofar shagon na ga an ƙara fitilu masu kala.

Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta sunan shagonka ba. Ba tsoro ba ne. So nake duk mai irin sana'arka da ya karanta ya ɗauka da shi nake. Ni mai faci ne a Limawa, bokona bai wuce firamare ba, wannan kuma ka gane shi tun ranar da na shigo maka da baƙin taya a hannu, don na ga irin kallon da ka yi min. Na daɗe ina haƙuri kafin in yi wannan rubutu. Ban yi shi da zafi ba, sai da na huce.

Mahaifina manomin fadama ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, albasa da tumatir. Yana shan taba tun kafin a haife ni. Duk gidan an sani, amma babu wanda ya taɓa nuna ya sani. Bai taɓa kunna ta a gabanmu ba. Bayan rumbu yake zagayawa, ko ya ce zai je ya duba rijiyar gona. In ya dawo da warin a riga, mu 'ya'yansa sai mu sunkuyar da kai mu ci gaba da abin da muke yi. Ɗa ba ya nuna wa ubansa ya san wannan. A ƙasar nan aka haife ka, Alhaji, ba sai na koya maka ba.

Da daminar bara tari ya kama shi har aka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta ce ya bar taba in yana son ƙirjinsa. Ya bari na ɗan lokaci, ya koma. Wani direba da nake yi wa faci ya ce shi da tabar lantarki ya rage har ya daina. Ban ce magani ce ba, ban sani ba, ba kuma talla nake yi wa kowa ba. Amma wanda yake jin tarin ubansa ta bayan katanga, abin da ya samu yake gwadawa.

Shi ya kawo ni shagonka. Ban ɓoye maka komai ba. Na ce dattijo ne, bai taɓa riƙe irin wannan ba, ba ya karanta boko, garinsu babu wuta. Na ce ba ni zan miƙa masa ba, amininsa Malam Idi ne zai ba shi kamar daga gare shi ta fito, saboda haka babu wanda zai zauna ya koya masa. Na roƙe ka ka ba ni wadda mutum zai zuƙa kawai ya mayar aljihu. Ga abin da ka yi.

Na farko. A cikin gilashinka akwai wata siririya kamar biro, babu maɓalli ko ɗaya a jikinta. Ita na nuna. Ka taɓe baki ka ce ta yara ce, babban mutum sai babban kaya. Ka ciro min wata mai kauri kamar tocila, da maɓallai, da fuska irin ta waya mai rubutun Turanci, ga wata fitila tana zagaye jikinta, ja, kore, shuɗi. Ka zuƙa ta gwaji a gabana ka cika shagon da hayaƙi, samarin da ke zaune suka yi maka tafi. To su ka burge. Ni na zo neman abin da dattijo zai ɓoye a tafin hannu, kai ka ba ni abin da in an kunna shi a bayan rumbu sai maƙwabta su fito da bokiti.

Na biyu. Ruwan da ka haɗa min da shi. Ban san ana tambayar ƙarfinsa ba, kai ka sani, ka yi shiru. Ka ba ni mai ƙamshin mangwaro, wai shi ake yayi. Sai daga baya direban nan ya karanta jikin kwalbar ya ce ai babu nikotin a ciki ko kaɗan, wato abin da ke sa mashayi ya kasa bari. Ashe ruwan alewa na saya wa mutumin da ya tsufa yana shan taba. Ba ka kuma gaya min ana zuba ruwan a jira audugar ciki ta jiƙa ba. Malam Idi ya ce su biyu suka zauna a bukkar gona suna ta danne-danne har ta kama. Baba ya ja ta irin jan da ya saba, ta ƙone masa maƙogwaro, ya yi tari har sai da ya dafa ƙasa. Duk da haka bai jefar ba, saboda kunyar amininsa. Ya sa ta a aljihun rigarsa ta Juma'a, ta tsiyaye. Dattijo ya shiga sahu yana ƙamshin alewar yara, na gefensa suna waige.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Na gaya maka babu wuta. Ka ce batirinta sai an manta da shi. Ko kasuwa ba ta zagayo ba ta mutu. Ka san inda ake caji a ƙauye? Rumfa ɗaya ce mai sola a bakin kasuwa, kowa can yake kai wayarsa. Mai rumfar kuma yana da tsari: duk abin da aka kawo sai ya manna masa salatef ya rubuta sunan mai shi, don kar a yi musaya. Malam Idi ya kai. Aka tambaye shi ta wa ce. Shi mutum ne da ba ya ƙarya, kuma shi ma yana da surukai a garin, ba zai so a rubuta nasa sunan ba, sai ya faɗi gaskiya.

Haka ta yini a kan tebur a tsakiyar wayoyi, ranar kasuwa, tana walƙiya ja da kore, da sunan mahaifina a jikinta da manyan baƙaƙe. Samarin garin sun san ta, shishar aljihu suke ce mata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagayawa bayan rumbu don kar 'ya'yansa su gani, kafin la'asar har masu tallan awara sun ji wai ya koma shan shisha. Taba a wajen dattijo ana kawar da kai. Wannan ba a kawar da kai, dariya ake yi. Kuma duk garin an san Malam Idi bai san hanyar shagon irin wannan ba, an san wanda yake da ɗa a Dutse.

Baba bai ce min komai ba, ba kuma zai ce ba. Ya naɗe ta a leda ya ba Malam Idi, ya ce a mayar wa wanda ya aiko, an gode. Ya koma tabarsa. Inna ta ce yanzu shan nasa ya fi na da yawa, kuma ya daina zama a dandali bayan la'asar. In na je gida na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani waje, ya ɗauki fartanya ya fita.

Na huɗu. Na dawo maka da ita. Ka tuna abin da ka ce? Kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Wannan na yarda, haka kasuwa take. Amma ka juya wajen samarin nan ka ce matsalar mutanen ƙauye ke nan, su sayi abin da ya fi ƙarfinsu. Ranka ya daɗe, wa ya zaɓa? Ni abin da ya yi daidai da mu na nuna. In mutum ya kawo min tayar keke, ba na cusa mata tub ɗin mota don ya fi tsada. In na yi haka ba gwaninta na yi ba, kuma ba zan tsaya ina yi masa dariya ba in ta fashe. Kai kana da shago mai gilashi da fanka, kana jin Turancin jikin kwali, amma tambaya ɗaya ta gagare ka: wa zai yi amfani da ita, a ina?

Ba na neman ka mayar min da komai. Tana nan a akwatin kayan aikina, ƙarƙashin guduma. Abin da nake roƙo shi ne, in wani ya shigo ya ce maka sabon shiga ne, ka saurare shi har ya gama magana. Ka tambaye shi ko yana shan taba, in ba ya sha ka ce masa ya tafi abinsa, ba shi da buƙata. Ka gaya masa abin da ke cikin ruwan, da yadda ake cajin, da abin da ke lalacewa, da gaskiyar cewa ba asibiti kake ba. In ba ka da abin da ya dace da shi, ka buɗe baki ka ce babu. Ba a taɓa rufe shago don mai shi ya ce babu ba.

Ni kuma hanyar da nake da ita ta bi ta bayan fage ta toshe. Ranar Juma'a zan hau motar Ringim. Zan same shi a gona, inda babu kowa, in durƙusa in gaya masa da bakina cewa na sani, mun sani dukanmu, kuma tarin nan yana ba mu tsoro, in roƙe shi ya tashi mu koma asibiti. Ban san ko zai kalle ni ba. A gidanmu babu wanda ya taɓa yin haka.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa kasuwarka albarka ta halal, ya ba ka 'ya'yan da za su rufa maka asiri, ya haɗa su da 'yan kasuwar da suka fi ka sauraro.

Wassalam.

Nafi'u mai faci,
Limawa, Dutse.